Sawun Jirgi a Taɓon Gurara

Da aka jawo jirgin Alhaji Ɗanlami daga Kogin Gurara aka kwantar da shi a bakin gaɓa, an ga abubuwa biyu waɗanda ba aikin ruwa ba ne. Na farko, wani sabon rami a allon baya, wato katakon da ake rataye inji a jikinsa, an huda shi da gangan an kuma toshe da ƙaro. Na biyu, akwatin da ke goshin jirgin, inda aka ce an zuba nauyin da zai danne kansa, an same shi a rufe ruf da ƙusoshinsa, amma da aka kwance murfin babu komai ciki sai ruwa. Fasinjojin duk sun tsira da taimakon masu kwale-kwale. Direban, Khamis, ɗan Alhaji na fari, sai washegari aka tsamo shi daga cikin saiwoyin wata bishiya.

Kafin a kai shi makwancinsa, unguwar Wambai ta gama shari'a. Na daɗe ina akawun kotu kafin in ajiye aiki, ban taɓa ganin alƙali mai saurin unguwarmu ba: ba ta neman shaida, ba ta kuma ɗage zama. Hukunci ya faɗa kan Barnabas, mai aikin faiba a Gauraka, wato robar nan mai tauri da ake ƙera jirgi da tankin ruwa da ita.

Alhaji Ɗanlami dillalin doya ne, kuma maƙwabcina. Gonakin da yake saye a cikinsu suna hayin kogi, gaba da Izom, in damina ta kankama kuwa kwale-kwale ba ya ɗaukar abin da yake so. Sai ya sayo tsohon jirgin faiba daga Lakwaja, ya ɗora masa sabon injin da ya fi ƙarfinsa. Jirgin ya koma kamar ɗan akuya. Da an ba shi wuta sai ya ɗaga kai sama, ya dinga tsalle yana dukan ruwa da ƙirji, in an zo juyawa ya zame gefe. Shi ne aka kai wa Barnabas. Ya yi aikinsa, jirgi ya natsu, kowa ya yaba. Bayan 'yan makonni ya kife. Waɗanda suka fi yabon su ne suka fara tunawa cewa tun farko idon mutumin bai kwanta musu ba.

*

An kafa rumfar makoki a ƙofar gidan Alhaji, bisa daɓen simintin da ya yi bara, wanda turke ba ya shiga. A kwanakin nan kullum hadari yakan haɗu da la'asar, ya watse ya bar mu da iska, saboda haka aka ɗaure igiyoyin rumfar a jikin wasu ƙananan ƙullin buhu da aka ajiye a kusurwoyinta. Na san da zamansu ne domin na yi tuntuɓe da ɗaya ina shigowa gaisuwa, farcen babban yatsana ya tsage. Na zauna ina amsa amin da hawaye, jama'a suka ce lallai Akawu ya ji mutuwar yaron nan.

A nan na tarar da Malam Isiyaku mai bin sawu. Tsohon maharbi ne. A dā shanun sata yake bi har cikin dazukan Gurara, yanzu zamani ya mayar da shi bin babura da janareto. Ba ya ɗaga kai in yana tafiya, waɗanda ba su san shi ba sukan ɗauka kunya ce.

Alhaji ya jawo shi gefe, ya yafito ni. Ya ce, "Malam Isiyaku, 'yan sanda sun kama mutumin nan sun ba da belinsa. Sun ce babu shaida. Ina so ka nemo mini shaida."

"Alhaji, ni sawu nake bi. Inda ya tsaya nan nake tsayawa, ko ƙofar wa ce."

"Haka nake so."

"Kowa haka yake so ranar farko."

Taufiq, ƙanin marigayin, yana tsaye bayan mahaifinsa, idanunsa jawur. Shi ne ya ja samarin da suka je Gauraka suka jefi shagon Barnabas ranar jana'iza. Ya ce, "Baba, me ya sa za a wahalar da dattijo? Mun san shagon, mun san gidan. Fetur kawai ya rage."

"Ka bari sai an yi addu'ar bakwai," in ji Alhaji. Bai ce masa ya bari ba ke nan, ya dai ba shi rana.

Aikina shi ne tuƙi, domin ina da tsohuwar mota da lokacin da ba wanda ke buƙata. Da muka nufi motar Malam Isiyaku ya dubi yadda nake taka ƙasa, ya ce, "Malam Akawu, ɗingishin nan na yau ne."

Na ce masa tuntuɓe na yi. Ya ce Allah ya sawwaƙe.

*

Ƙofar shagon Barnabas duk ta lotsa da duwatsu. Muka same shi ta baya, zaune kan wani tankin ruwa da ya fara liƙewa ya bari. Mutumin bakin Kogin Binuwai ne, a Lakwaja ya koyi aikin jirgi, a Gauraka kuwa tankuna da bambar mota suke ciyar da shi. Matarsa Ladi, wadda ke gasa burodi tana sayarwa a bakin titi, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa, ba ta ba mu ruwa ba.

"Oga, kun zo ne ku ji, ko kun zo ku auna wurin da za a ƙona?" in ji Barnabas.

"Mun zo mu ji abin da ka yi wa jirgi," in ji Malam Isiyaku. "Ni ban taɓa shiga jirgi ba. Ka faɗa mini kamar yadda za ka faɗa wa jahili."

Barnabas ya dube shi ya ga ba ba'a yake yi ba. Ya sauko ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa.

"Jirgi kamar sikeli ne, Baba. Inji ya yi wa baya nauyi, dole kai ya tashi. Allon baya na dā ya ruɓe, kuma gajere ne, farfela tana nitsewa da yawa tana tura gindi ƙasa. Na yanke shi gaba ɗaya. Na sa katako mai kauri ninki biyu, na ɗaga shi yatsa huɗu, na lulluɓe da faiba, ko allura ba ta samun hanya. A ƙarƙashin jirgi na manna ƙasusuwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tun daga tsakiya har baya, don ya riƙe ruwa in ana kwana, ya daina zamewa. Na dawo da tankin mai gaba. Duk da haka kai yana ɗan tashi. Shi ne na zuba dalma a goshi."

"Akwatin babu komai."

"Na ji. Na kuma ce na zuba. Tsofaffin batura na saya na narkar da dalmar cikinsu."

"Da gwangwanayena," in ji Ladi daga bakin ƙofa. "Gwangwanayen burodina huɗu ya zuba narkakkiyar dalmarsa a ciki, ya lalata mini su. Mako guda ban yi masa magana ba. Yanzu ana cewa bai zuba ba. To wa ya ƙona mini kaya, aljani?"

Ta shiga ta fito da guda, baƙi ƙirin, ya ɗan karkace a kusurwa ɗaya. Malam Isiyaku ya juya shi a hannu, ya shafa cikinsa da yatsa.

"Ke nan dalmar ta fito da siffar burodi."

"Burodi huɗu, na shafa musu shuɗin fenti," in ji Barnabas. "Guda ɗaya sai ka sa hannu biyu, ka kuma yi nishi."

"Wa ya ga ka rufe su a ciki?"

Barnabas ya jefar da tsinken. "Khamis. Shi ya riƙe mini murfi ina ɗaure ƙusa. Shaidata ke nan, ga shi ya tafi. Har tsokanata yake yi, wai na mayar masa da doki jaki. Na ce masa, abokina, jaki ne ke kai kaya gida."

"Ramin da ke allon baya fa?"

"Ni zan huda abin da na kwashe kwanaki ina toshewa? Ku tambayi Sama'ila mai kwale-kwale. An ce an gan shi da abin huji kusa da jirgin. Jirgin nan ya ƙwace masa fasinja, amma shi ba wanda ya jefi ƙofarsa. Shi ɗan gari ne."

Malam Isiyaku ya roƙi aron gwangwanin. Ladi ta ce ya tafi da shi, ba ya gasa komai yanzu sai baƙin ciki.

*

A mashigar kogi, bayan Izom, jirgin yana nan kwance a gefensa, an cire injin. Malam Isiyaku ya zagaya shi sannu a hankali. Ya fi daɗewa a ƙarƙashinsa, yana bin ƙasusuwan nan biyu da tafin hannu, ya auna tazarar da ke tsakaninsu da sandarsa, ya yi mata alama da wuƙa.

Sama'ila yana zaune a 'yar rumfarsa ta kwano yana ɗinkin raga. Dattijo ne busasshe, ya kai shekarun Alhaji. Shi ne ya tsamo uku daga cikin fasinjojin, abin da unguwarmu ba ta sa a lissafi ba.

"An ce an gan ka da abin huji," in ji Malam Isiyaku bayan gaisuwa.

"An ce da yawa."

"Kai ka huda?"

"Ni da ruwa muke aiki. Wanda ya kashe mutum a ruwa, ruwa bai manta shi."

"Ba wannan na tambaya ba."

Sama'ila ya ci gaba da ɗinkinsa. Malam Isiyaku ya koma wurin jirgin, ya sa bakin wuƙa ya ɓantare ƙaron, ya zaro wani abu kamar ɗan yatsa, ɗinke cikin jar fata. Laya ce. Ya tura tsinke cikin ramin, tsinken ya tsaya kafin ya kai rabin katakon. Ya kuma nuna mini layin da ruwa ke tsayawa a jikin fenti. Ramin yana sama da shi da taƙi guda.

"Wannan ko kaza ba zai nitsar ba," ya ce. Ya dawo ya ajiye layar a kan ragar Sama'ila. "Wanda ke son jirgi ya kife ba ya sa masa tsari. Wa ya aiko ka?"

Sama'ila ya daɗe yana kallon layar. "Matar Khamis. Ta aiko ƙanwarta da ita, ta ce in sa inda ba zai gani ba, don zai yi mata dariya. Na yi shiru ne saboda yarinya tana takaba, ga ciki. In na buɗe baki, dangin miji za su ce ita ta huda jirgi ta kashe musu ɗa. Gara a zage ni, fatata ta saba."

"Me ya sa take tsoro, alhali jirgi ya natsu?"

"Jirgi ya natsu, direba bai natsu ba. Allah ya jiƙansa, yaron kirki ne, amma yana son a kalle shi. A dā in ya taso, kan jirgi a sama, 'yan kasuwa suna ihu suna ɗaukarsa a waya. Bayan gyara sai ya zama yana tafiya lafiya lau kamar motar asibiti, ba mai ɗaga kai ya dube shi. Kullum yana mita." Ya ja zare da haƙori. "Ana jibi abin zai faru na ga kan jirgin ya sake tashi. Na ce a raina, aikin Barnabas ne ya warware. Ranar kasuwa ya loda doya a baya, ya zo kwana inda ruwa ke da ƙarfi, ya ba shi wuta. Ruwa ya shiga ƙarƙashin goshi ya ɗaga shi kamar faifai."

A jikin ginshiƙin rumfar akwai wasu silifas na roba rataye a ƙusa. Malam Isiyaku ya tambayi mai su.

"Na Khamis ne. Ranar kasuwa ba ya tuƙi da takalmi, nan yake barinsu. Ba wanda ya iya taɓa su."

Ya sauko da su ya juya. Dugadugan ta dama ta cinye ta gefen waje, tsakiyar tafin kuma akwai tsaga daga gefe zuwa gefe, irin wadda ƙarfen tayar da babur ke yi. Ya ce da Sama'ila zai ara, zai mayar wa masu su.

*

Daga nan ya kama gaɓar kogi ya nufi sama, ni ina biye ina ɗingishi ina tambayar kaina abin da ya raba ni da kujerata. Ya ce mini jirgi ma dabba ce, duk inda ya kwanta sai ya bar sawu, kuma a duk kogin nan jirgi ɗaya ne mai ƙasusuwa biyu a ciki. A mashiga ba za a sami komai ba, jama'a sun tattake. Amma wanda zai buɗe akwati ya kwashe kaya ba zai yi a gaban 'yan kasuwa ba.

Mun same shi a wani lungu, ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiyar baure da rassanta suka rufe gaɓa. Ruwa ya ɗan ja baya, taɓo ya ƙafe. A jikinsa akwai kwarin da goshin jirgi ya yi, da layi biyu dama da hagu, kamar an ja da kara. Malam Isiyaku ya ɗora sandarsa, alamar wuƙar ta faɗa daidai.

Daga goshin jirgin sawun mutum ya tashi ya hau tudu zuwa wata 'yar hanya, inda tayar babur ta tsaya, ya dawo, ya sake komawa.

"Dubi nan, Malam Akawu. In zai sauko wurin jirgi, taku mai faɗi, sawu a sama-sama. In zai hau, taku gajere, dugadugai sun nitse. Mutum ɗaya ne. Ya ɗauki abu mai nauyi a ƙirjinsa, ƙarami, don bai ja shi a ƙasa ba, bai kuma taɓa rassan nan ba. Nan ya ajiye ya huta." Ya nuna wani lotsi mai kusurwa huɗu, da ɗan shuɗi a gefensa.

Sa'an nan ya ɗauko silifas ɗin dama ya ɗora cikin sawu ɗaya. Ya shige daidai. Tsagar nan tana kwance a taɓo daga gefe zuwa gefe.

Ya zauna a kan saiwa, ya ciro goro ya duba ya mayar aljihu.

"Abin nan da ka yi tuntuɓe da shi a rumfar makoki," ya ce, "girmansa kamar me?"

Na nuna masa da hannu. Sai da na ga abin da hannuwana suka zana na gane.

"Ya motsa da ka buge shi?"

"Ko kaɗan."

"Da ma ɓarawon shanu aka ba ni," in ji shi.

*

Tayyiba, matar marigayin, ta yi mana magana ta bayan labule, wata tsohuwa zaune kusa da ita. Malam Isiyaku ya tura mata layar ta ƙarƙashin labulen, ya jira har tsohuwar ta tashi ɗebo ruwa.

"Baba, ni na kashe shi?" Da ƙyar muka ji muryarta.

"A'a, 'yata. Raminki bai kai ruwa ba. Wannan magana ta mutu a nan."

Ta yi kuka kaɗan, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ya tambaye ta ko mijinta ya yi ciwo a makonsa na ƙarshe. Ta ce wata rana ya dawo da yamma yana riƙe da ƙugu, ta shafa masa man zafi. Ta tambaye shi me ya ɗauka, ya yi dariya ya ce ya sauke wa dokinsa mangala, jibi ranar kasuwa Izom za ta san ya dawo.

*

Ranar addu'ar bakwai, jama'a sun cika rumfa har bakin titi. Kafin a fara, Malam Isiyaku ya nemi a zauna a falon Alhaji. Aka tara Alhaji da Taufiq da limamin unguwa, da Sama'ila, da Barnabas, wanda na shigo da shi ta ƙofar baya a motata. Ta taga ana hango samarin Taufiq a gindin mangwaro, da jarka a tsakaninsu wadda ba ta ruwan alwala ba ce.

"Ramin allon baya ba na mugunta ba ne, kuma ba shi ya kifar da jirgi ba," in ji Malam Isiyaku. "Sama'ila ya fita daga zargi. Rashin nauyi a goshi ne ya kifar da shi."

"Abin da muke faɗa ke nan," in ji Taufiq. "Bai zuba ba."

"Taufiq, taimaka mini. Je ka kwanto ɗaya daga cikin ƙullin buhun da suka riƙe rumfa."

Ya fita yana gunaguni. Muna kallonsa ta taga. Ya kama da hannu ɗaya, abin bai motsa ba. Ya sa biyu, ya rungume shi a ƙirji, ya shigo da gajeren taku, ya dire a tsakar falo har tayil ya amsa. Malam Isiyaku ya yanke bakin buhun. Burodi ne shuɗi, mai karkatacciyar kusurwa. Ya kifa gwangwanin Ladi a kansa, ya zauna daram.

Barnabas ya rufe fuska da hannu biyu.

"Wa ya ɗaure su a rumfa?" in ji Malam Isiyaku.

"Ni," in ji Taufiq. Muryarsa ta sauya. "Masu rumfa suka ce a nemo abu mai nauyi. Na gan su cikin buhu, ban buɗe ba."

"A ina ka gan su?"

Ya dubi mahaifinsa. Ya dubi ƙasa. "Inda Yaya Khamis ke ajiye babur."

Malam Isiyaku ya fito da silifas ɗin ya ajiye kusa da dalmar. Ya faɗi abin da taɓo ya nuna a ƙarƙashin baure, bai ƙara bai rage ba, ya ce wanda ke so ya zo ya kai shi kafin ruwan sama ya share. Ya ce, "Alhaji, nan sawu ya tsaya."

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗin, ya riƙe su a cinyarsa. A waje kusurwar rumfar da aka kwance ta fara kaɗawa tana dukan kawunan mutane.

Liman ya gyara murya. "An umarce mu da mu ambaci alherin mamatanmu. Wanda ya tafi ba ya nan balle ya kare kansa."

"To mu da ba mu tafi ba fa, Malam?" in ji Barnabas. "Alhaji, ban ce a zagi Khamis ba, abokina ne. Ka fita kawai ka ce na zuba dalma. Kalma uku. 'Ya'yana sun daina zuwa makaranta, ana ce musu 'ya'yan mai kisa."

Alhaji bai dube shi ba. Ya ce, "Taufiq, mayar da wannan cikin buhu ka ɗaure inda yake. Rumfa za ta faɗo wa baƙi."

*

Bayan an shafa fatiha, Alhaji ya miƙe a gaban jama'a, ya sa aka fito da Barnabas. Na yarda a lokacin na ɗauka zai faɗi gaskiyar. Shekaruna a kotu ba su warkar da ni daga wannan ɗabi'a ba.

Ya ce, "Jama'a, Allah ya ba ni Khamis, ya karɓi abinsa. Na janye ƙara. Ban yarda wani yaro ya je Gauraka ba, wanda ya je ba da yawuna ba. Barnabas, ga ka ga jama'a: na yafe maka, duniya da lahira."

Rumfa ta ɗauki kabbara. Tsofaffi suna share hawaye, ana cewa irin su Alhaji sun yi ƙaranci a duniya. Samarin gindin mangwaro suka ɗauke jarkarsu, suna jin haushin an hana su, suna kuma alfahari da an hana su.

"Alhaji," in ji Barnabas, "me na yi da za ka yafe mini?"

Waɗanda ke kusa suka ji. Wani ya ce, kun ga butulci, an yafe masa rai yana neman magana. Na kama hannunsa na kai shi mota. Malam Isiyaku yana zaune a gaba, kansa a ƙasa kamar kullum. Da muka hau titi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ni dai na iya kai mutum bakin sawu. Ban iya buɗe masa ido ba." A daren nan ruwan da ya ƙi sauka duk mako ya sauka.

Ba a ƙona shagon ba. Ba a kuma sake kawo masa ko bokiti ya liƙe ba, domin wanda aka yafe wa kisa a gaban jama'a ba ya buƙatar wata shaida a kansa. Ladi ta gasa burodi ya kwana a faranti. Kafin kaka suka loda kayansu a motar itace suka koma Lakwaja. Na ba da labarin nan a majalisarmu yadda na ba ku shi. Aka ce, Akawu, bar tone-tone, mai ɗa ma ya yafe.

Dalmar tana nan. Ta zama kayan aron unguwa, duk mai biki ko suna yakan aika gidan Alhaji a ɗauko masa a baro. Ranar sunan ɗan da Tayyiba ta haifa, wanda aka mayar wa sunan mahaifinsa, iska ta taso ta kwashe rumfunan layin baya, tamu ko gezau. Buhunan sun yage, shuɗin yana leƙowa. Wani baƙo daga Abuja ya taɓa ɗaya da ƙafa, ya ce da ni, duk wanda ya zuba wannan ya san aikinsa. Na ce masa haka ne, an ma yafe masa.